Wuyan 'yata ya yi baƙi, ga ƙiba, ga al'adarta ta ɗauke: abin da ya same ni ne zai same ta?

Maman_Hibba:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina leƙowa ina karantawa ban taɓa cewa uffan ba, yau dai tura ta kai bango. Ku yi haƙuri da tsawon bayanin, sai na faro daga kaina kafin ku gane inda damuwar take.

An yi min aure a 2008 ina da shekara 20. Tun ina budurwa al'adata ba ta da lissafi. Sai in yi wata uku, wani lokaci huɗu, ban ga komai ba, ranar da ta ga damar zuwa kuma kamar an kunce famfo. Ga wasu 'yan gashi a haɓata da nake tsigewa a ɓoye. A lokacin wallahi har daɗi nake ji, ina ganin na huta da ramuwar azumi. Ashe ba hutu ba ne.

Shekara biyar cur ko ɓatan wata na gaskiya ban yi ba. Rubutu na sha, hulba na sha har warinta ya kama kayana, an yi min ruƙiyya an ce jinnul ashiƙ ne, an yi min wankin ciki har sau biyu a wani asibitin kuɗi ba tare da an faɗa min abin da ake wankewa ba. Gori kuwa ba a magana. Akwai ranar sunan da wata daga dangin maigida ta ce, da ƙarfi yadda zan ji, "wasu dai sai ci da cika masai." Na shiga banɗakin gidan sunan na yi kukana na wanke fuska na fito na ci gaba da raba waina.

Sai a 2013 wata likitar mata ta zaunar da ni ta yi min tambayoyi, ta duba haɓata da wuyana, ta tura ni hoto da gwajin jini, ta ce abin da ke damuna sunansa PCOS. Ta ce ƙwai ne ba ya nuna ya fito duk wata yadda ya kamata. Lokacin ina kilo 91. Ta ɗora ni a kan metformin, wani maganin suga, ta ce in rage jiki, na sauke kilo 7 da kyar da jiɓin goshi, sannan ta ba ni clomiphene, maganin da ke sa ƙwai ya nuna ya fito. A zagaye na huɗu Allah ya ba ni cikin Hibba, na haife ta a 2014. Da cikin nata suga ya hau min, bayan haihuwa ya sauka.

To yanzu ga Hibba. Shekararta 11, satin da ya wuce na ɗora ta a sikelin kemis ɗin layinmu, kilo 58, tsayinta santimita 148. Ta fara ƙirgen dangi tana shekara 8 da rabi. Wata huɗu da suka wuce ta ga jini karon farko, kwana uku, daga nan shiru har yau. Abin da ya fi tayar min da hankali wuyanta. Bayan wuyan ya yi baƙi ƙirin, ya yi kauri, in ka shafa kamar karan-miski, haka ma hammatarta. Kakarta, mahaifiyar maigida da muke zaune tare, ta ce dauɗa ce da ƙazantar 'yan boko. Ranar Asabar ta kama ta a banɗaki ta dirje wuyan da soson buhu har ya yi ja yana tsatstsafo da jini, yarinya tana ihu. Ya warke, baƙin yana nan inda yake. Ni kuma na san wuyan nan, irinsa ne a jikina.

In na ce a rage mata abinci, Hajiya ta ce jikin gado ne, wai ina baƙin ciki yarinya ta samu lafiya. Babanta ya ce in bar shi da fitina tsakanina da mahaifiyarsa. Shekaranjiya kuma na ga wani bidiyo a TikTok wata tana cewa duk yarinyar da ta yi ƙiba tun tana ƙarama ba za ta haihu ba, wai bincike ya tabbatar. Ban yi barci ba daren.

Don Allah masu ilimin abin: gaskiya ne? PCOS gadonsa ake yi? In kai ta a yi mata hoton mara ne tun yanzu? Ba na son yarinyar nan ta shiga banɗakin gidan suna ta yi irin kukan da na yi.

Hajjo_Fagge:

Wa alaikumus salam. Haba 'yar nan, ki kwantar da hankalinki, ki daina biye wa 'yan waya. Ni nan da kike gani in na shiga adaidaita kuɗin mutum biyu nake biya, kuma haka na taso tun ina yarinya, Lukuta ma ake kirana a gidanmu. Haihuwata tara, takwas na raye. Ƙanwata kuwa siririya kamar sillen kara, shekararta 14 a ɗaki kafin ta samu ɗaya tilo. Haihuwa ta Allah ce. Yarinya 'yar shekara 11 ina ita ina tunanin haihuwa? Ki yi mata addu'a, ki bar kakarta ta ji daɗin jikarta. Sai dai dirzar wuyan nan kam ban goyi baya ba.

Ungozoma_TudunWada:

Maman Hibba sannu, Allah ya raya mana ita. Shekarata 17 ina aikin jinya da karɓar haihuwa, bari in faɗa miki abin da na sani, amma ba zai maye gurbin ganin likita ba.

Na farko, a daina dirzar wuyan nan yau yau. Ba dauɗa ba ce, ko da sabulun duniya za a wanke ba zai fita ba, kuma kada wani ya ba ki shawarar man bilicin. Likitoci suna kiransa acanthosis nigricans. Yawanci alama ce cewa sinadarin insulin ya yi yawa a jini. Insulin shi ne ke buɗe wa suga ƙofa ya shiga tsoka. In kitse ya yi yawa, musamman na ciki, sai jiki ya riƙa yi masa kunnen ƙashi, shi kuma jikin ya ƙara zubo shi da yawa don a dole a ji. Wannan rarar ce ke sa fatar wuya da hammata ta yi kauri ta yi duhu. Ba yana nufin tana da ciwon suga ba, yana nufin jiki yana kokawa. In insulin ya sauka, baƙin yakan dusashe da kansa a hankali.

Maganar al'ada kuwa, a nan zan ce ki sauke numfashi. A shekarar farko bayan yarinya ta fara, rashin tsari ba ciwo ba ne. Da yawa sukan gani sau ɗaya su yi watanni ba su sake gani ba, domin jikin bai gama saita kansa ba. Ƙa'idar da likitocin duniya suka fitar kan PCOS a 2018, suka sabunta a 2023, ta fayyace wannan. Sai bayan shekara guda da farawa ake fara lissafi: in tazarar ta gaza kwana 21 ko ta wuce kwana 45, ko aka yi fiye da kwana 90 ba a gani ba, to a bincika. Ƙirgen dangi kuma sai in ya zo kafin shekara 8 ake cewa ya yi wuri fiye da kima. Nata ya zo da ɗan sauri, kuma ƙiba takan jawo hakan, amma bai fita daga layi ba.

Hoton mara: kada ki ɓata kuɗinki. Ƙa'idar nan ta ce kada a yi amfani da hoto wajen yanke hukuncin PCOS sai an yi shekara 8 da fara al'ada. Dalili, 'yan mata da yawa masu lafiya ƙalau in aka haska su za a ga ƙananan ƙwayaye jere a ma'ajiyar ƙwan, haka shekarun suke. Na sha ganin uwa ta shigo tana kuka da takardar hoton 'yarta 'yar shekara 14, wani mai hoto a cikin gari ya rubuta mata PCOS ya sallame ta, yarinya ta tafi da tabon "ba za ki haihu ba" a zuciya a kan abin da babu shi.

Abin da za ki yi, ki kai ta wajen likitan yara, ba likitan mata ba tukuna. A auna tsayi da nauyi a ɗora a kan jadawalin shekarunta, domin ma'aunin manya ba ya aiki a kan yara. Da lissafin da kika bayar dai ta shiga sahun ƙibar da ake kula da ita. A duba hawan jini, a yi gwajin suga kafin ta karya ko wanda ake kira HbA1c, a duba kitsen jini. Ki gaya wa likitan suga ya hau miki da cikinta, wannan bayani ne mai muhimmanci. Ke ma kanki, in kin daɗe ba ki gwada suga ba ki gwada, wadda ya hau mata da ciki kuma tana da PCOS bai kamata ta yi sake ba.

Tambaya ɗaya: an taɓa ba ta maganin cin abinci ko na ƙiba? Irin su sha-ka-fashe da ake haɗawa a kemis? Ina tambaya ne don a cikinsu akan samu cyproheptadine mai buɗe ciki, wani lokaci har da dexamethasone, wanda ke kumbura fuska, ya ɗaga suga, ya hargitsa al'ada.

Maman_Hibba:

Sista na gode, Allah ya saka da alheri. Wallahi kin taɓo wani abu. Tana shekara uku zuwa huɗu 'yar firit ce, ba ta son abinci, Hajiya ta riƙa sayo mata wani ruwan magani na cin abinci a kemis, an yi kwalba ta kai shida. Ban san sunansa ba, ni ma lokacin murna na yi da ta fara ci. Amma an daina tun tuni. Yanzu dai ga yadda ranarta take: shayi da burodi da safe, sukari cokali huɗu, ita ke zubawa. Kuɗin tara naira 500, fanke da lemon kwalba. Adaidaita ya kai ta ya dawo da ita. Ta dawo ta ci Indomie biyu da ƙwai, ta tafi islamiyya, nan ma akwai mai awara a bakin ƙofa. Da dare tuwo, in babanta ya dawo kuma da ledar yogot ko tsire. Gidanmu bene ne na haya, babu tsakar gida. Ina rubutawa ne yanzu ina jin kunyar kaina.

Dan_Samaru:

Anti, kada ki ji kunya, rabin gidajen ma'aikata a Kaduna da Kano wannan jadawalin ne. Ni ɗalibi ne a fannin lafiyar al'umma, kuma wannan batu na cikin abin da nake karantawa, don haka bari in amsa maganar "bincike ya tabbatar" ɗin nan, domin mai bidiyon ta ɗauki gaskiya kaɗan ta yi mata riga da wando.

Gado tukuna. A 2019 masu bincike na cibiyar Karolinska a Suwidin suka wallafa wani aiki a mujallar Nature Medicine. Sun bi bayanan asibiti na mata kusan 30,000, suka ga cewa 'ya'yan matan da ke da PCOS sun ninka sauran kusan sau biyar wajen samun wannan matsala. Sau biyar abin tsoro ne a kunne. Amma a cikin wannan binciken kansa, mafi yawan 'ya'yan masu PCOS ɗin ba a same su da shi ba. Sannan uwar da ta san ciwon a jikinta ta fi saurin kai 'yarta asibiti, kamar yadda kike shirin yi yanzu, wannan ma yana ƙara yawan waɗanda ake ganowa a ɓangarensu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu PCOS ba su ma san suna da shi ba.

Sai ƙibar yarinta. A arewacin Finlan akwai mutanen da ake bibiya tun daga haihuwarsu a 1966 har suka manyanta. A Ostareliya ma an auna 'yan makaranta a 1985 aka sake nemo su bayan shekaru fiye da 20. Duka biyun sun nuna abu ɗaya: 'yan matan da suka yi ƙiba sosai tun suna yara sun fi fuskantar tangarɗar al'ada da jinkirin samun ciki daga baya. "Sun fi fuskanta" ake cewa, ba "ba za su haihu ba". Hajjo da ta haifi tara ba ta ƙaryata binciken ba, binciken ma bai ƙaryata ta ba. Kamar a ce masu gudu a titin Kaduna zuwa Zariya sun fi yin hatsari, ai ba duk mai gudu ne ke faɗuwa ba.

Yadda abin ke aiki shi ne ci gaban bayanin Sista. Insulin in ya yi yawa ba a fata kaɗai yake tsayawa ba. Yana zuga ma'ajiyar ƙwai ta riƙa samar da sinadarin maza fiye da kima, yana kuma hana hanta samar da wani furotin da ke ɗaure wannan sinadarin. Sai ƙwayayen su fara girma su tsaya a rabin hanya, babu wanda ya nuna ya fito. Gashin haɓa da ƙurajen fuska daga nan suke. Kitsen kansa ba ajiya ce kawai ba, yana fitar da wani sinadari mai suna leptin, wanda aka gano a 1994, da ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa jiki ya tara abin da zai isa a balaga. Shi ya sa yarinya mai jiki takan riga sa'o'inta. Amma akwai sirara masu PCOS, ƙiba ba ita kaɗai ce sila ba, tana dai rura wutar ne ga wadda ke da garwashin.

Binciken da na fi so ki riƙe shi ne na Denmak, wanda ya fito a New England Journal of Medicine a 2018. Maza ne 62,565, kuma ciwon suga aka duba, ba haihuwa ba, kada in yi miki irin ta mai bidiyo. An auna su suna shekara 7, da 13, da farkon samartaka. Waɗanda ke da ƙiba a shekara 7 amma suka daidaita kafin 13, haɗarin ciwon sugansu a girma ya zama daidai da na waɗanda ba su taɓa yin ƙiba ba. Tunda insulin na da hannu a matsalolin biyu, wannan labari ne mai daɗi ga mai 'yar shekara 11.

Kishiyar wannan kuma, ga matan zauren nan da ke neman haihuwa yanzu. A Holan an yi gwaji da mata 577 masu ƙiba da ba su samu ciki ba, aka wallafa a 2016. Rabi aka ce su yi wata shida suna rage jiki kafin a fara musu magani, rabi aka fara musu nan take. Bayan shekara biyu, kashi 27 na masu rage jiki ne suka haifi lafiyayyen jariri a kan lokaci, su kuwa waɗanda aka fara wa magani kai tsaye kashi 35. Sai dai masu rage jikin sun fi samun ciki haka kawai ba da magani ba, kashi 26 a kan 16. Abin da na fahimta, mace 'yar shekara 35 ba a ce mata "je ki rame tukuna ki dawo" a bar shekaru suna tafiya. Lokacin da gyaran jiki ya fi riba shi ne shekarun su Hibba.

Ko da a ce ta gado shi, PCOS na cikin matsalolin haihuwa da suka fi jin magani, ke ce shaida. Maganin ma ya ci gaba tun bayan naki. A 2014, shekarar da kika haife ta, wani gwaji a Amurka da mata 750 ya nuna wani magani mai suna letrozole ya fi clomiphene: kashi 27.5 suka haihu, a kan 19.1. Yanzu shi ake fara bayarwa.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne duk waɗannan a ƙasashen Turawa aka yi su. A nan nahiyar, wani babban binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fito a 1985 ya nuna kusan kashi 85 na matan Afirka da aka bincika kan rashin haihuwa, matsalarsu ta samo asali ne daga ƙwayoyin cuta, galibi toshewar bututun mahaifa bayan ciwon sanyi, ko haihuwa da ɓarin da ba a kula da su da tsafta ba. Irin wankin cikin da aka yi miki sau biyu ba dalili, shi kansa yana iya jawo wannan, Allah ne ya kiyaye.

Game da Hajiya kuma, a yi mata adalci. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 57 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Matar da ta ga ƙyanda da tamowa suna ɗauke yaran maƙwabta, ramammen yaro ne abin tsoronta, ba mai kumatu ba. Amma ƙididdigar nan ɗaya ta ce kashi 28 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Matsala biyu muke ɗauke da su a faifai ɗaya.

Abu_Sadik:

Ni namiji ne, ku yi haƙuri na shigo maganar mata, amma akwai abin da ba a faɗa ba. Shekara huɗu matata tana shan magani, ta asibiti da ta gida, har mahaifiyata ta fara yi min zancen ƙari. Duk lokacin da likita ya ce mijin ya zo a gwada shi sai in ce aiki ya yi yawa. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Ranar da na je, aka ce in ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, in kawo maniyyi a ɗan roba. Sakamako ya fito miliyan 6 a kowace mililita, alhali ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 daga miliyan 16 yake farawa. Na zauna a mota na fi rabin awa ban tayar ba. Ina tuna duk ƙwayoyin da baiwar Allah nan ta haɗiya a kan laifin da ba nata ba.

Kilo 112 nake lokacin, ga teɓa, ga zaman shago daga safe zuwa dare da lemo mai sanyi a gefe. Likitan ya samu kumburin jijiyoyin maraina aka yi min aiki, ya kuma ce kitsen ciki yana juya sinadarin namiji ya koma na mata, yana kuma ɗumama wurin da ya kamata ya zauna da sanyi. Ya ce kada in yi gaggawar sake gwaji, maniyyi yana ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin sabo ya haɗu. Yau ɗanmu yana aji biyu na firamare.

Abin da ya sa na faɗi wannan, ana cewa kusan rabin matsalar rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki, amma in ana maganar ƙibar yara sai a kalli 'yan mata kawai. Masu 'ya'ya maza masu teɓa su ma su farka. Sannan Maman Hibba, ki ce ina gaida maigida, ki ce wani ɗan uwansa ya ce ledar dare ɗin nan tasa ce, ba ta Hajiya ba. Kuma uwa ta fi jin magana daga bakin ɗanta fiye da bakin suruka. Ki tafi da shi asibitin, likita ya faɗa masa da kansa.

Ummi_K:

Anti don Allah abu ɗaya zan roƙe ki. Ni ce Hibba shekaru 15 da suka wuce. Mamata ta sa ni a gaba, a raba abinci a ba ƙannena cikakken faranti ni a ba ni rabi, in baƙi sun zo a ce "ku gan ta nan, wa zai aure ta a haka." Abin da ya haifar, na koyi ci a ɓoye. Sai in saci kuɗin cefane in sayi cincin in cinye a bayan islamiyya. A SS1 kuma na koma kwana biyu ba na cin komai sai ruwa, har na faɗi a asambuli. Kada ki ware ta. Kada ta ji kalmar haihuwa a cikin maganar nan sam, ta yi ƙanƙanta da wannan kaya. In za a daina lemo, gidan gaba ɗaya ya daina, har babanta.

Ungozoma_TudunWada:

Ummi ta faɗi abin da na manta. Yarinya mai tasowa ba a sa ta azumin dole, ba a ba ta shayin rage ƙiba. Sau da yawa burin shi ne nauyin ya tsaya inda yake tsayi ya kamo shi. A fara da abin sha, shi ya fi sauƙi kuma shi ya fi ɓarna. Motsa jiki awa ɗaya a rana ake so ga yara, ba sai a jere ba, kuma ba sai an je wani wuri ba: tsallen igiya, hawa da saukar bene, shara, tafiya islamiyya a ƙasa.

Maman_Hibba:

Salam, na dawo da bayani, yau kwana 12. Mun je asibiti ranar Talata, da babanta, na karanta masa saƙon Abu Sadik ya yi dariya ya ce an haɗa masa taron dangi. Sugarta bai kai na ciwo ba amma likitar ta ce yana bakin iyaka, hawan jini lafiya. Ba ta ba da magani ba, ta ce mu koma bayan wata uku. Hoton mara ko zancensa ba ta yi ba. Ni ce ma da aka gwada aka ce in dawo a sake.

Likitar ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kamar cokalin shayi shida a rana, kuma ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana da wajen tara. Da muka dawo, bayan yara sun tafi islamiyya, babanta ya ɗauko kofin gilashi da gwangwanin sukari ya zauna a gaban Hajiya. Ya ce Hajiya ƙirga min. Huɗu na shayi. Tara na lemo. Ya ƙara na yogot da na zoɓon da ake sayowa. Kofin ya kusa rabi. Ya miƙa mata cokali ya ce bismillah. Ta ce, "Kai, ni mahaukaciya ce?" Ya ce to abin da takwararki ke sha ke nan kullum. Hibba sunanta ta ci, shi ya sa ba ta son abin da zai taɓa ta. Ta yi shiru, can ta ce ai su da suna yara sai ranar sallah suke ganin lemo. Ban ce komai ba, na shige kicin.

Yanzu kuɗin tara na daina bayarwa, ina dafa mata ƙwai da ɗan wake ko dankali ta tafi da shi da gorar ruwa, ita da ƙaninta duka. Islamiyya muna takawa tare, minti 15 ne, ni ce ma ke haki. Na sayo igiya biyu, da yamma suna tsalle a barandar bene, mai gidan ƙasa ya riga ya aiko sau ɗaya. Na gaya mata baƙin wuyan ba ƙazanta ba ce, na nuna mata nawa, ta shafa ta ce ashe iri ɗaya ne. Ummi, ban ambaci haihuwa ba.

Inda na maƙale shi ne ɗakin Hajiya. Jiya na shiga ɗauko tsintsiya na tarar da su biyu a kan darduma, robar alkaki a tsakiya, suna ganina Hajiya ta ja mayafi ta rufe. Alkakin ƙanwarta ce ta aiko daga Zariya, cikin bokitin fenti guda, ko rabi ba a ci ba. Waɗanda ke zaune da uwar miji, yaya kuke yi da irin wannan ba tare da an kira taro ba?